Malam Ɗalha da Sakan Takwas

Shagon Malam Ɗalha yana cikin wani lungu a Ƙofar Ruwa, bayan masu sayar da rodi da kwanon rufi. Ba shi da allon suna. Idan ka tambaya sai a ce maka ka bi ƙara, domin tun daga bakin lungun za ka ji ana maimaita magana ɗaya sau goma, a koma baya a sake ta. A can na same shi a ƙarshen damunar shekarar 2002, da faifan bidiyo a aljihuna, a lokacin da gidan da aka haifi mahaifiyata yake shirin fita daga hannunta saboda wani aiki da na yi.

Dattijo ne siriri, ya kusa shekara sittin, yana sanye da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Idan kana yi masa magana ba ya kallon idonka, bakinka yake kallo. Sana'arsa juye kaset ɗin bidiyo a kan faifai, da gyaran wanda magana da hoto suka rabu a cikinsa. Masu bikin aure da masu shirya fim na lungu ne suka fi zuwa wurinsa.

Sai na fara da labarin faifan, don a gane abin da ya kai ni.

Kakana na wajen uwa, Baba Ado, marini ne a karofin Ƙofar Mata. 'Ya'yansa biyu ne suka rayu: mahaifiyata, Nana Hauwa, wadda muke kira Umma, ita ce 'yar fari, sai ƙanenta Kawu Tanko. Da mahaifinmu ya rasu Umma ta dawo gidan Baba Ado da mu, ita ce kuma ta yi jinyarsa shekara bakwai. A ƙarshen 1998, da ya ga jiki ya fara ƙi, sai ya sa aka kira mai ɗaukar bidiyon biki, ya kira amininsa Goni Hamza ya zama shaida. Ya zauna a kan buzu a tsakar gida da rawaninsa, Umma a damansa, Kawu Tanko a hagunsa. Aka yi gaishe-gaishe, Goni ya yi doguwar nasiha, aka sha kunu. Sai a wajen minti na arba'in da ɗaya Baba Ado ya zo kan maganar da ta tara su.

Baba Ado mutumin da ne. Tun da aka haifi Umma bai taɓa kama sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Ko kiranta zai yi sai dai ya ce a kira masa ta ciki. Ranar nan ma bai kama ba, kuma tun da bai ambaci sunan babba ba sai ya ga bai dace ya ambaci na ƙarami ba. Ya dubi na'urar ɗaukar hoto, ya miƙa hannu dama wajen Umma ya ce, "Ku shaida, gidan nan na ba wa wannan, kyauta, ina da raina." Ya ɗan numfasa, ya miƙa hannu hagu wajen Kawu ya ce, "Rijiyoyin rini uku na karofi kuma na ba wa wannan." Maganar ke nan. Babu takarda, domin a ganinsa bidiyo ya fi takarda, ga fuska ga murya.

Ni ina jami'a lokacin. Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida ina jiran a tura ni hidimar ƙasa, sai na tarar da kaset ɗin a cikin adakar Umma, danshi ya fara taɓa kwalinsa. Na ce zan adana shi yadda ba zai taɓa lalacewa ba. Na kai shi shagon buga takardu na wani abokina a Kabuga, na haɗa bidiyo da tsohuwar kwamfutarsa, na juye. Ana cikin juyewar abokina yana buga wa mutane takardu a kan kwamfutar, wuta kuma tana rawa. Bayan haka na matse hoton sosai, don ina so ya shiga faifai ɗaya tare da bikin ƙanwata. Na kalli minti biyu na farko, na ga komai daidai, na rufe.

Tun da sojoji suka koma bariki taron siyasa ba ya ƙarewa a unguwarmu. Wata rana aka zo da gaggawa ana neman kaset da za a ɗauki wani taro, mai bidiyo nasa ya cika. Ni na shiga ɗaki na ɗauko na Baba Ado. Umma tana tankaɗe ta ce, "Kai, wannan ba na Baba ba ne?" Na ce mata, "Umma, an wuce zamanin kaset. Yana cikin faifai." Aka naɗi jawabin 'yan siyasa a kansa daga farko har ƙarshe.

Baba Ado ya rasu a farkon damunar. Goni Hamza ya riga shi da shekara guda. Bayan sadakar arba'in Kawu Tanko, wanda ya shiga siyasa yana neman kujerar kansila, ya ce wani ɗan kasuwa yana son gidan zai gina shaguna. Umma ta ce gidan nata ne. Aka zauna a zauren mai unguwa, da liman da dattawa uku, aka jawo talabijin. Ni na saka faifan, ina jin kaina.

A minti na arba'in da ɗaya hannun Baba Ado ya miƙa wajen Umma, amma muryarsa tana can tana gode wa Goni. Hannun ya dawo, ya miƙa wajen Kawu, a daidai nan muryar ta ce, "Ku shaida, gidan nan na ba wa wannan." Lokacin da aka ji maganar rijiyoyin rini, hannunsa yana kan cinyarsa. Bakinsa kuwa ba a gani. An ɗauki hoton daga nesa, ga gemu ga rawani, matsewar da na yi kuma ta mayar da fuskarsa wani dishi-dishi kamar an shafa ta da rigar hannu.

Kawu Tanko ya ɗauke ido daga talabijin. Sannan ya ce, "To, kun dai gani." Umma ta ce, "Tanko, kana wurin fa." Ya ce, "Yaya, ina wurin, ga shi kuma ɗanki ne ya kawo faifan, ba ni ba." Aka aika wa mai ɗaukar bidiyon, ya ce shi ranar hankalinsa yana kan batir, bai ji abin da aka ce ba. Mai unguwa ya ba mu mako biyu.

Wannan ne ya kai ni Ƙofar Ruwa.

Malam Ɗalha ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya saka faifan, ya kalli farko, ya tsallaka can ƙarshe inda ake shafa fatiha. Mutane suka shafa fuska, suka fara miƙewa, sannan aka ji "amin".

Ya ce, "Wa ya juye wannan?"

Na ce ni ne.

"Me ka karanta?"

Na gaya masa.

"A'a, ashe injiniya ne da kansa. Sannu da ƙoƙari, injiniya. Ina kaset ɗin?"

Na gaya masa abin da ya faru da kaset ɗin. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ko mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ba ya jefar da tsohuwar waya sai ya ga sabuwa ta kama. Zauna."

Ya ce rabuwar magana da hoto iri uku ce. Akwai wadda tun daga farko har ƙarshe tazarar ɗaya ce, wannan sai ka ja sautin gaba ko baya ka huta. Akwai wadda take ƙaruwa a hankali daidai wa daida, wannan sai ka ja tsawon sautin ko ka rage shi har ya yi daidai da hoto. Ta uku ita ce tawa. A kowane sakan ɗaya na bidiyo akwai hotuna ashirin da biyar. Kwamfutar da na yi aiki da ita ta gaji, duk sanda aka ɗora mata wani aiki sai ta zubar da hotuna, goma nan, talatin can, shi kuwa sauti yana tafiya bai rasa komai ba. Hoto ya gajarce ya yi gaba, magana ta zauna a baya. Kuma ba a san wuraren da aka zubar ba.

Na ce, "Malam, zai gyaru?"

"Ban sani ba tukuna. Da ana ganin bakin tsohon nan da yanzu mun gama. Ka cinye masa baki. Sai mu nemi wani abin da ido zai gani kunne kuma ya ji."

Kwana shida muka yi muna nema. Ina zuwa da hantsi in tashi da la'asar. Ya raba sautin daban, hoton daban, ya ajiye littafin makaranta a gefensa yana rubuta minti da sakan da fensir. Duk abin da ya motsa ya yi ƙara a cikin faifan sai ya tsaya a kansa. Goni ya kai wa ƙuda mari a gwiwa a minti na tara: sauti ya makara da sakan ɗaya da rabi. Murfin kwanon kunu ya faɗi a minti na ashirin da biyu: sakan huɗu. Wani wurin yakan maimaita shi sau talatin, yana tafiya hoto ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kusan a jikin gilashi. Kunnensa na hagu ya mutu, don haka yakan karkata kai dama kamar mai leƙen wani abu a ƙarƙashin gado. Idan aka ɗauke wuta sai ya jingina da bango ya rufe ido, a nan ne nake jin labarinsa, gutsure-gutsure, ba don na tambaya ba.

A Ƙofar Ruwa aka haife shi, mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Yana saurayi ya samu aiki a wani gidan silima, a ɗakin da ake haska fim. A can ya koyi yanka fim da reza a liƙa, ya kuma gane cewa idan ka rasa ko da tsawon ɗan yatsa ne, bakin mutum zai riga muryarsa, 'yan kallo su fara jifa da ɓawon rake. Daga nan ya bi motar majigi ƙauye-ƙauye ana nuna wa manoma fim ɗin taki da allurar rigakafi. Sannan aka ɗauke shi a wani gidan talabijin, ya shekara ashirin da biyu a ɗakin haɗa labarai, ɗakin da ba shi da taga. Ya auri Mero, suka haifi 'ya'ya mata huɗu, duk ya aurar. Da farar hula suka karɓi mulki aka zo da sababbin shugabanni, aka sallami tsofaffin ma'aikata, shi yana cikin rukunin farko. Da abin sallamar ya sayi kwamfuta a hannun wani da ya dawo daga Ikko, ya koya wa kansa ita yana da shekara hamsin da biyar.

Ya ce, "Reza ce dai, sai dai wannan ba ta yanke yatsa."

A rana ta huɗu wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Yana jingine ya ce, "Ka san abin da ake kirana a cikin gari?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi, abokina ya gaya min.

"Mai sa wa mutane magana a baki. Ba ƙarya suka yi ba. Zamanin soja, babban mutum zai je taro jama'a su yi masa ihu, a kawo min kaset a ce kafin labaran ƙarfe bakwai. Ina da tafi a ajiye, na wani wasan dambe ne, shi nake ɗorawa. Shekara da shekaru tafin nan ɗaya ne, babu wanda ya lura. Wannan ban ɗauke shi komai ba."

Na ɗauka ya gama, sai ya ci gaba.

"Akwai wani malamin makaranta, Shehu. An kama shi an ce yana raba takardu. Aka yi masa tambayoyi a gaban na'ura. Aka ce, kai ne wane? Ya ce, eh, ni ne. Aka ce, kai ka rubuta takardun nan? Ya ce a'a. Aka kawo min kaset, mutum biyu suna tsaye a bayana. Na ɗauke 'eh, ni ne' na kai ta gaban tambaya ta biyu. Aiki ya yi kyau, ko ni da na yi sai na duba sosai nake ganin wurin ɗinkin. Ya shekara uku a tsare. Ya fito da ciwon ƙirji, bai kai azumi biyu ba."

Na ce, "Ai tilasta maka aka yi, Malam."

"Haka Mero take cewa. Tashi ka duba ko an kawo wuta a layin baya."

A rana ta shida ya samu abin da yake nema. A minti na talatin da tara Baba Ado ya yi tari, kafaɗarsa ta girgiza sau biyu. Sautin tarin ya zo bayan sakan takwas cif. A minti na arba'in da huɗu ya ajiye carbinsa a kan faranti, ƙarar ta zo bayan sakan takwas da hoto uku. Malam Ɗalha ya ja layi biyu a littafinsa ya nuna min da fensir.

"Kafin maganar takwas, bayan maganar takwas. Tazarar nan ƙaruwa take yi, ba ta raguwa, domin hoton da aka zubar ba ya dawowa. To a tsakiya nawa za ta zama?"

Na ce takwas.

"Ashe dai an koya muku lissafi."

Ya yanka sautin gida goma sha ɗaya, kowane yanki ya ja shi zuwa inda alamarsa take. Ya kunna minti na arba'in da ɗaya. Hannun Baba Ado ya tashi ya nufi Umma, muryarsa ta ce gidan nan na ba wa wannan. Na fita waje na tsaya a bayan tarin rodi.

Da na dawo ya ce, "Kada ka yi murna tukuna. Za a tambaya wa ya gyara. Ka samu wani ya je ya yi bayani, ko kai ka yi, ga littafin."

Na ce ni ɗan mai ƙara ne, kuma ni na ɓata, wa zai saurare ni? Na roƙe shi. Ya ce zuwansa zai iya ɓata mana fiye da rashin zuwansa. Na ci gaba da roƙo, domin a lokacin ban ga wata hanya ba, kuma ina so wani babba ya tsaya a gabana. Daga ƙarshe ya ce to.

Ranar zaman Malam Ɗalha ya zo da farar riga wankakkiya da littafinsa a hammata. Zauren ya fi na farko cika, don labari ya zaga. Ya nuna tsohon faifai, ya nuna marin ƙuda da murfin kwano da tari da carbi, yana tsayarwa yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har takwas. Ya nuna shafa fatiha da ta riga "amin". Liman ya gyaɗa kai ya ce lallai babu mai shafawa kafin a ce amin. Sannan ya saka sabon faifan. Na ga Umma ta bayan labulen ƙofar cikin gida, inda aka shimfiɗa mata tabarma, ta sa gefen mayafi a baki.

Kawu Tanko ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina da tambaya. Malam Ɗalha, wannan maganar kai ka matsar da ita?"

"Ni na mayar da ita wurinta."

"Ka matsar dai. Da ka ga dama za ka iya kai ta wani wurin?"

"Zan iya."

"Ka taɓa yi?"

Malam Ɗalha yana kallon bakin Kawu. Ya ce, "Na taɓa."

"A gidan talabijin ko? Har da na Malam Shehu na makarantar firamare?"

"Har da shi."

Wani dattijo daga cikin ukun ya ce, "Inna lillahi. Shehu ɗan ƙanwar matata ne." Ya tattara babbar rigarsa ya matsa daga kusa da Malam Ɗalha.

Malam Ɗalha ya ce, "Wancan na yi, Allah ya sani, ku ma yanzu kun ji daga bakina. Wannan kuwa ba sai kun yarda da ni ba. Ga tsohon faifan, ban taɓa shi ba. Kowa ya zo ya ƙirga da kansa."

Babu wanda ya tashi. Kawu ya ce, "Mu ƙirga me? Mu marina ne da 'yan kasuwa. Wanda ya ɗora wa soja tafi shi zai koya mana ƙirga?" Wasu suka yi dariya.

Mai unguwa da liman suka yi magana ƙasa-ƙasa. Liman ya ce abin da ya bayyana shi ne faifan farko yana da aibi, tun da an ga shafawa ta riga amin, don haka Tanko ba zai kafa hujja da shi ba. Na biyu kuma hannu ya taɓa shi, hannun da mai shi ya faɗi da bakinsa abin da ya saba yi. Duka biyun a ajiye su. Saura Nana Hauwa da ta ce an ba ta kyauta, ba ta da shaida a raye. Wanda ya musa sai ya rantse. Idan Tanko ya rantse cewa bai ji mahaifinsu ya ba ta gidan ba, gida ya koma gado. Ya ce a kawo Alƙur'ani, Tanko ya je ya yi alwala.

Kawu ya tashi. Ya naɗe hannun riga. Ya karɓi buta ya fita ƙofar zaure, muna jin zubar ruwa. Ya daɗe fiye da yadda alwala take ɗauka.

Sai muryar Umma ta fito daga bayan labule. "Malam liman, a mayar da Alƙur'anin nan."

Liman ya ce, "Hajiya, kin san abin da hakan yake nufi?"

"Na sani. Ni na goya Tanko. Ba zan zauna ina kallo ya dafa Littafin Allah a kan wannan maganar ba. A raba gadon."

Na ce, "Umma!" Ta ce, "Kai kuma ka yi min shiru."

Kawu ya shigo da ruwa a gemunsa, aka gaya masa. Bai dubi labulen ba. Ya zauna yana ta goge hannu a riga.

Gidan ba ya rabuwa uku, kashi biyu na Kawu ɗaya na Umma, don haka aka sayar wa ɗan kasuwan. Kafin azumi muka kwashe kaya zuwa ɗaki biyu na haya a wajen Kabuga. Umma ba ta taɓa ce min ga abin da ka jawo ba, ko sau ɗaya, ni kuwa da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Har yanzu sanda na miƙa kaset ɗin nan yakan faɗo min a rai, ko a cikin mota nake.

Abin da aka yi a zauren ya bi Malam Ɗalha har Ƙofar Ruwa. Da can raɗe-raɗi ne, yanzu kuwa an ce ya faɗa da bakinsa a gaban liman. Dangin Malam Shehu suka je shagon, ba su taɓa shi ba, sun dai tsaya a bakin lungu sun faɗi abin da ke ransu kowa yana ji. Masu kawo kaset ɗin biki suka ragu. A masallacin lungun, in ji mai rodin da ke kusa da shi, sai da ya koma sahun baya.

Na yi wata biyu ban iya zuwa ba. Wata ranar Asabar Umma ta ce in ɗauko faifan da aka gyara in saka mata. Ta kalla daga farko, duk gaishe-gaishen da nasihar Goni, ba ta ce in tsallake ba. Da aka wuce minti na arba'in da ɗaya ta ce in kashe. Ta zuba dambu a kwano ta ɗaure da ƙyalle ta ce in kai wa mutumin nan, in ce masa ta gani, haka aka yi ranar, bai ƙara ba bai rage ba.

Na same shi shi kaɗai, yana juye wani tsohon kaset na saukar karatu. Ya rame. Na gaishe shi, na ajiye kwanon, na isar da saƙon. Na ce kuma ni ina neman gafararsa, don ya gaya min kada ya je na matsa masa.

Ya ce, "Da ƙafata na je. Sun rushe gidan?"

Na ce sun fara, sun cire zaure.

Ya gyaɗa kai. Ya ce in gaishe ta, in ce ya gode da dambu. Sannan ya karkata kunnensa na dama wajen lasifika, ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan, ya ce in matsa daga bakin ƙofa ina tare masa haske.